Saƙon Barira a Allon Wuta

Shekarar da damina ta ɗauke ƙafa tun gero bai fitar da kai ba, Barira da mijinta Gidaɗo suna zaune a rugarsu ta gabas da Hawandawaki, inda suka tsufa tare. Gidaɗo mutum ne mai ƙarancin magana. In ya ce uffan da hantsi, to sai la'asar a sake jin bakinsa. Barira ce mai surutun gidan, ita ke yi masa hira yana gyaɗa kai, har takan ce ita kam kututture mai malafa aka aura mata. Ƴaƴansu sun watse, saura Bintu auta, wadda ke aure a Mayahi wurin wani dillalin dabbobi mai suna Wada.

Kafin sanyi ya wuce, ciyawa ta ƙare ƙaf. Manoman da suka saba barin kara a gona shanu su ci su bar musu taki, bana kowa ya kwashe nasa ya ɗora a kan icce. Shanu suka koma cin leda da tsumma. Wata safiya Gidaɗo ya daɗe tsaye a bakin garke, sa'an nan ya zo ya ce zai kora su kudu, ƙasar Najeriya, inda aka ce fadamu ba su bushe ba.

"Ni ma in ɗaura kayana ke nan," in ji Barira.

"Da wannan gwiwa taki? Ki zauna. Ruwa na sauka ina dawowa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ta daka masa gumba, ta cika masa gora, ta raka shi har bakin hanya tana ɗingishi tana yi masa kashedi a kan kowace saniya. Bai waiwayo ba, amma ta ga ya ɗaga sandarsa sama sau ɗaya kafin tudu ya ɓoye shi. Ba shi da wayar salula, bai taɓa yarda ya riƙe ta ba.

Bayan tafiyarsa aka ji a rediyo sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Barira ba ta damu da wannan ba, abin da ya dame ta rijiyar rugarsu ce da ta koma ba da laka. Maƙwabta suka fara kwance bukkoki, wasu suka nufi gabas, wasu kudu. Ana haka Wada ya zo da amalanke. Ya ce su ma sun taso daga Mayahi sun koma Tasawa, don can kasuwa ta fi motsi, kuma Bintu ta rantse ba za ta ci abinci ba sai ya zo da uwarta.

"In baban Bintu ya dawo fa?" in ji Barira. "Ya tarar da kango? Ya bi ku Mayahi a ce kun tashi?"

Ba wanda za ta bar wa sallahu, domin ita ce ta ƙarshe a wurin. Haka ta hau amalanken, ƙoren nononta a kife a cinya, tana waiwaye har rugar ta ɓace.

Zaman gari bai karɓe ta ba. Katanga ta ko'ina, ba kukan maraƙi, ba warin garke. Da ta ga zaman banza zai kashe ta, sai ta fara dafa zogala tana kwaɗawa, tana kai wa bakin gudron, wato titin kwalta, wajen shingen da motoci ke tsayawa su biya kuɗin hanya kafin su shiga gari. A can ta fara ganin allon.

Wani baƙin allo ne dogo, an kafa shi a kan ƙarafa biyu sama da hanya, da faranti mai shan rana a bisansa. Jajayen haruffa ke fitowa daga hannun dama suna tafiya hagu kamar jerin tururuwa, su ɓace, wasu su fito. Wani shiri ne na kiyaye haɗarin hanya ya kawo shi, mutanen gari kuwa suka sa masa suna allon wuta. Mai kula da shi Maharazu ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa kowa ke ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal. Yana da ɗan ɗaki na kwano a gindin allon, da na'urar da yake danna wa rubutu. Inuwar ɗakin nan Barira ta raɓa da tasarta.

Ba ta san boko ba, amma ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

"Mushe, yau me allonka ke faɗi?"

"Ya ce direba ya rage gudu, Gwaggo, dabbobi na ratsa hanya."

"Wace dabba ta rage da za ta ratsa? Sai kuma me?"

"Sai ya faɗa da Faransanci. Bayan nan ya ce an buɗe sayar da hatsi mai rahusa a Mayahi. Ya ce mai yaron da ya rame ya kai shi likita."

Kullum haka. Ta kan zauna tana kallon kamyo, manyan motocin kaya da ke zuwa daga kudu, tana leƙen fuskokin da ke bisa kaya. Duk mai malafa da sanda sai gabanta ya faɗi. Da magariba, lokacin da take haɗa kwanukanta, hasken allon kan yi ja sosai, ya sauka a kan gudron, sai ta tuna wutar da Gidaɗo ke hura wa shanu don korar sauro, yana zaune gefe yana murza igiya a cinya. Ta kan ji bakinta cike da labaran da ta tara masa: yadda Bintu ta yi nauyi, yadda ƴan gari ke sayen ruwa da garwa, yadda ta ga mace na tuƙa babur. Ba mai gyaɗa mata kai irin nasa.

Wata rana Maharazu ya karanta mata sabon saƙo: raƙuman wani mutumin Cake sun ɓace, wanda ya gan su ya gaya wa jandarma. Ba a yi nisa ba sai ga mai raƙuman ya zo yana ta godiya. Wani direba ne ya karanta, ya ba da labari a tashar Gazawa, wani da ya ji ya ce ai ya gan su a bakin wani tabki busasshe.

Ranar Barira ba ta yi tallar kirki ba. Da rana ta yi sanyi ta matsa bakin ƙofar ɗakin kwano.

"Mushe, in an nemi raƙumi, ba a neman mutum?"

Maharazu ya dube ta. Ya riga ya san labarinta, domin ba wanda ke zama kusa da Barira bai san labarinta ba.

"Gwaggo, shi mai gidan naki ya iya karatu?"

"Raƙuman sun iya? Direbobi za su kai mashi."

Ya yi dariya. Ya ce abin ba a hannunsa yake ba. Tun da soja suka hau, duk abin da za a sa a allo sai an kawo shi a rubuce daga sama. Ya ƙara ko harafi ɗaya, aikinsa ne zai tafi, ga shi da iyali a wannan shekara. Barira ta ce ta ji. Washegari ta sake tambaya. Rana ta uku ma haka, ta zuba masa zogala ta ƙi karɓar komai, shi kuwa ya ƙi ci.

Akwai sojan da ke shugabantar masu tsaron shingen, Ajidan Hamani, Bazabarme ne daga can yamma, dogo, mai tsage. Hausarsa a karye take, kuma ba a cika ganin haƙoransa ba. Shi ne ya ji su suna ja-in-ja ya tako.

"Wannan tsohuwa, mi ya ke so?"

Maharazu ya tashi tsaye ya yi masa bayani da Faransanci. Barira ta sunkuyar da kai, tana jiran a kore ta daga inuwar. Ajidan ya daɗe yana kallon ƙafafunta masu faso. Daga baya Maharazu ya gaya mata abin da ya ce: shi ma yana da tsohuwa a ƙauyensu, kuma tun kafin girbi bai ji ko tana da abin sawa a tukunya ba.

"Raƙumi ya ɓace, an sa," in ji Ajidan da Hausa. "Mutum ya ɓace, a sa. In an tambaya, ni ya ce."

Maharazu ya jawo na'ura. "To, Gwaggo, faɗi."

Sai bakin Barira ya ɓalle. A gaya masa rijiya ta ƙafe, ba da son ranta ta tashi ba. A gaya masa ta kwashe igiyoyinsa da tsohuwar butarsa, ba abin da ya salwanta. A gaya masa kada ya sayar da jar saniyar nan ko me aka ba shi, kuma ya riƙa rufe ƙirjinsa da asuba saboda tarinsa. A gaya masa Bintu na da ciki.

"Gwaggo, Gwaggo, tsaya," in ji Maharazu. "Allon nan ba ya ɗaukar wannan. Mota na wucewa ne, abin da ido zai kama kafin ta wuce shi ake sawa. Sunanshi, da naki, da inda kike."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Mene ne sunanshi?"

Nan ta tsaya cak. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa. Ta ce baban Bintu. Maharazu ya ce baban Bintu sun fi gashin tinkiya a ƙasar nan. Ta ja gefen zanenta ta rufe baki, ta dubi ƙasa kamar amarya, ita da furfura.

"A bakinmu," ta ce a hankali, "sunan na nufin wanda ake so."

Maharazu ya tashi cikin Fulani a Baudeta, bai sha wuya ba. "Gidaɗo?"

Ta ƙara jan zanen. Ya danna. Ta fita ta tsaya a tsakiyar rana, ta ɗaga kai, ya nuna mata da yatsa daidai lokacin da ya fito: Gidaɗo na Hawandawaki, Barira tana Tasawa gidan Wada dillali. Jajayen haruffan suka ratsa suka wuce. Ta ce ya nuna mata wanne ne sunan. Da ya sake zagayowa ya nuna. Ta bi shi da ido har ya shige gefen allon, ta tsaya ta jira ya dawo. Sai da Maharazu ya ce rana za ta kayar da ita ta koma inuwa.

Labari bai kwana ba. Kashegari wata mata daga Mayahi ta zo, ɗanta ya tafi Agadas neman aiki shiru. Wani tsoho ya zo neman ƙanensa. Kafin mako ya zagayo mutane na zaune a gindin allon tun safe, kowa da sunan da ya riƙo. Ajidan Hamani ya kan kau da kai, Maharazu ya danna. Sunaye suka yi yawa har sai an daɗe kafin a ga gargaɗin rage gudu. Wasu direbobi kan tsaya gefe da gangan su karanta, su ce za su cigita.

Abin bai ɗore ba. Wani babba ya wuce cikin jerin motoci, ya ɗaga kai ya ga sunaye, ya tambaya. Da yamma umarni ya zo a share. Ajidan ya ce shi ya ba da izini, aka yi masa faɗa, aka bar shi a bakin aikinsa. Maharazu ya kasa haɗa ido da Barira ranar.

"Ba komai, Mushe," ta ce. "Ai an gani."

Ta ci gaba da zuwa da zogalarta. Bazara ta yi tsanani, kamyo na wucewa da shanun da ba su iya tsayuwa, an kwantar da su kamar buhuna za a kai wa masu banda. Takan kau da kai, ta kuma kasa, ta leƙa ko za ta ga tsagar kunne irin ta garkensu. Sa'an nan hadari ya haɗo, ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Manoma suka fita shuka. Bintu ta haihu, namiji. Barira ta ce yanzu kam mai gidanta yana hanya. Ciyawa ta tsiro ta rufe ƙasa, makiyaya suka fara dawowa da abin da ya rage musu, shi shiru.

Wata ranar kasuwa Barira tana wankin jego a tsakar gida sai wani yaron maƙwabta ya shigo da sauri.

"Inna, ga wani a ƙofa. Ya ce shi ne Gidaɗo."

Ba ta san sanda ta miƙe ba, ta manta da gwiwa, ta manta da takalmi. Ta fito zaure hannunta na ɗigar da ruwa. Wani gajeren mutum ne a tsugune, baƙi, mai ido ɗaya, da sanda a kafaɗa. Ba shi ba ne.

Suka dubi juna. Shi ma fuskarsa ta canza. Da Wada ya kawo ruwa baƙon ya sha, ya yi bayani da Fulatanci. Shi ma sunansa Gidaɗo, daga wajen Cake. A wata tasha ta kan iyaka wani direba ya ce masa an rubuta a allon Tasawa cewa matar Gidaɗo na nemansa. Maganar ta bi bakuna da yawa, sunan matar da na garin mijin sun zube a hanya, saura gidan Wada dillali. Shi kuwa ya rabu da tasa matar da ƴaƴa biyu tun rani, bai san inda suka faɗa ba. Shi ya sa ya sayar da akuyarsa ya shigo mota.

Barira ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce a kawo masa tuwo.

Yana cikin ci ya ɗago. "Adda, naki ɗin dogo ne? Fari, mai tari, ba ya magana?"

Ta dafe ƙirji.

"To na san takwarana. Mun sha ruwa a rijiya ɗaya, bayan Dankama. Yana raye."

Ya ba ta labarin ba tare da ya ƙawata ba. Fadamun da aka faɗa, ko da suka isa an cinye su. Shanun da suka jure yunwa, ruwan farko ne ya kashe su, don sun cika ciki da ɗanyar ciyawa ba ƙarfi a jikinsu. Na Gidaɗo ko ɗaya ba ta tsira ba. Yanzu yana kiwon shanun wani attajiri a wani ƙauye, ana ba shi abinci da ɗan abin da ba a rasa ba.

"Ya ji saƙon?" in ji Barira.

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Muna tare direban ya faɗa. Na ce mashi ko kai ne? Ya ce in na tahi na tarar tashi ce, in ce mata ta yi haƙuri. Ya ce da wace fuska zai shigo gidan suruki da sanda kaɗai."

Barira ta tashi ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwanta.

"Inna, ina za ki?" in ji Bintu. "Ko arba'in ban yi ba."

"Kina da miji, kina da maƙwabta. Shi wa yake da shi? Mutumin da in ba a ce mashi ci ba, ba ya ci."

Wada ya yi magiya, ya ce shi zai je ya taho da shi. Ta ce in ya ga Wada ma sai ya ƙara nisa. Baƙon ya kwatanta mata ƙauyen, ya kwana biyu a zauren Wada, ya wuce Mayahi cigiyar nasa iyalin. Ba su sake jin labarinsa ba.

Ranar tafiyarta ta biya ta ɗakin kwano ta yi sallama. Maharazu ya tsayar mata da direban da ya sani, ya ce a sa ta gaba saboda gwiwarta. Ajidan Hamani ya ɗaga shingen da kansa.

Abin hawa uku ta canza, na ƙarshen amalanke ne. Da la'asar ta same shi a bayan ƙauyen, zaune a kan tushen wata tsamiya, fararen shanun mutane na kiwo a gabansa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya gan ta tun daga nesa tana ɗingishi da ƙunshi a ka. Ya miƙe, ya cire malafa, ya mayar, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Ta sauke ƙunshin ta zauna tana haki.

"Kin zo," ya ce.

"Na zo."

"Sun ƙare, Barira. Duka."

"Na ji. Ka samu jika, namiji. Kunnuwanka ya kwaso, Allah ya sawwaƙe mashi."

Ya juya mata baya ya daɗe yana kallon shanun, kafaɗunsa na motsi. Ta bar shi. Da ya juyo ta miƙa masa ƙullin gumba, ta tsare shi da ido har ya fara ci.

Damina biyu suka yi a ƙauyen. Ita tana tatsar shanun attajirin tana kai nono kasuwa, shi yana kiwo, har aka ba su karsana biyu ladan wahala. Mutanen wurin sun riƙe su da mutunci, amma Barira ba ta taɓa sakin jiki ba. Ruwansu bai yi mata daɗi ba, geronsu ma ta ce ba ya ƙamshi. Da yamma in ta gama tatsa takan zauna ta fuskanci arewa, ta yi ta lissafa masa wanda ya kamata a ce ya koma ruga yanzu, da wanda ƙila ya mutu, da ko an yashe rijiyar. A kaka ta biyu, ranar da aka gama yankan gero, Gidaɗo ya shigo ya tsaya a bakin bukka, ya ce ta fara ɗaure kaya, karsanun sun yi ƙwarin da za su iya tafiya.